Sifika ta jawo min ƙotar fartanya

Jama'a, yau sana'ata ta sa an yi min ɗinki huɗu a ka!

Kun san aikina: a turo min sautin magana, in saurara a ɗaki, in buga a kwamfuta. Na yau daga wata ƙungiyar sasanta ma'aurata ya zo. Iyafis ɗin da nake sawa a kunne ya lalace, sai na jona sifika.

A cikin sautin, ana tsakiyar sulhu wani miji ya fusata. "Wallahi sai na karya ki!" Sai ƙarar mari, matar ta ƙwalla ihu. Kuka ya danne maganarta, don haka na ƙara murya, na yi ta mayar da wurin baya.

Ashe Yaya Sabo, yayan matata Hadiza, yana noman gyaɗarsa a bayan katangarmu.

Babu ko sallama, sai ƙyaure ya faɗo. Kafin in waiga, ƙotar fartanya ta sauka a kaina. Jini ya wanke min fuska. Ya shaƙe ni, ya haɗa ni da bango.

"Ina ƙanwata? Sau shida ina ƙirga marin nan!"

Na ce, "Yaya, ta tafi barka tun safe!"

Ya ƙara min ɗaya a kafaɗa. Da ƙyar na miƙa hannu na kunna sautin. Marin ya sake tashi daga sifika, ihun ya biyo baya.

Ya sake ni. Ya kalli sifika, ya kalle ni. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure min kai.

Ya ce, "Yi haƙuri, Malam Nura." Sai ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa. "Shi wannan mai marin, a wane gari yake?"