Takaba a Gaban Allo

Ranar da na kama aiki a wata makarantar kuɗi da ke Tarauni, na tambayi mai makarantar batun hutu. Alhaji ya yi dariya har da gyara zaman hula. "Malama, mu nan gida ɗaya ne. Wa yake rubuta wa ɗan'uwansa hutu? In lalura ta zo, ai kin san inda nake." Ni kuwa sakarya na yi godiya har da rusunawa.

Shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji uku ban taɓa neman ko wuni ɗaya ba. Da zazzaɓi na je, da ciwon haƙori na je. Autana ma da ya tashi zuwa duniya sai ya faɗo a dogon hutu, kamar ya san halin gidan.

Sai mijina ya rasu. Tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi, ya kwanta ciwo bai tashi ba. Ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, Inna, wadda muke zaune gida ɗaya. Abin da ya rage in yi masa a duniya shi ne takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗakina. Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ki zauna masa, 'yar nan. Bai taɓa ɗaga miki murya ba." Na ce zan zauna, kuma har zuciyata na faɗa.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da buhun shinkafa. Ya yi addu'a mai tsawo har mata suna share hawaye, sannan ya ce a kira masa ni soro.

"Malama, na tambayi malamai," in ji shi. "Sun ce mai takaba tana iya fita neman abinci, in dai za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Addini ai sauƙi ne."

Na ce, "Alhaji, hutun nan da ka ce in lalura ta zo fa?"

"Jarrabawa ta matso. In kin fi son zama ba mai hana ki, sai dai albashi na wanda ya tsaya gaban allo ne, aji kuma ba ya jira."

Malaman ba su yi ƙarya ba. Sun ba mace dama ne in yunwa ta koro ta. Shi kuwa Alhaji da yunwar da fatawar a aljihu ɗaya ya zo da su.

Abokiyar aikina, wata Madam 'yar Filato mai aji huɗu, ta same shi ta ce za ta haɗa ajina da nata har in fita, ba ta son ko sisi. Ya ce iyayen yara ba gwamutsi suka biya ba.

Bayan sadakar bakwai na saka hijabi, ba kwalli ba turare, na fito titi na tari adaidaita sahu. Idanun 'yan layinmu duk a bayana suke. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Da na dawo da la'asar ta ce, "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba." Daga ranar ta daina cin girkina, kafin arba'in ta tattara ta koma wurin 'yarta a Daurawa. Har ta koma ga Allah, in na je gaishe ta da "Malama" take amsa min, ba ta sake ce min 'yar nan ba. Wannan ne ban yafe wa Alhaji ba, kuma ba na ɓoyewa.

Bara shi ma ya rasu, makaranta ta koma hannun matarsa, Hajiya. Da aka kwana biyu muka je gaishe ta, mu malamai mata. Muka same ta a kan darduma, carbi a hannu, fanka tana kaɗawa.

"Sai haƙuri, ba zan leƙo ku ba sai na fita," in ji Hajiya. Ta dube ni. "Malama, ke ai kin sani, takaba ba abin wasa ba ce. Alhaji kullum yana cewa ita ce haƙƙin miji na ƙarshe."

Madam ta matse min hannu ta ƙarƙashin mayafi.

Na ce, "Haka ne, Hajiya." Na miƙe na nemi takalmina, don ina da darasi bayan hutun tara.