Gurasar da Na Hana Yaya Iliya

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan kakar, da muka sa Yaya Iliya a ƙasa, a bayan ƙauyenmu na ƙasar Bazaga, gab da gonarsa ta wake. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. Ba yadda za a yi ne in ba da labarinsa ban tona wa kaina asiri ba, ni kuwa mutum ne mai son a ce da shi dattijon kirki. Bana gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara hazo, na ga in ban faɗa yanzu ba da abin za a binne ni.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Manomi ne na gero da wake, mai awaki kaɗan da jaki ɗaya, bai taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba. Shi ya fara bin Almasihu a gidanmu, ni na bi sawunsa, sauran dangi kuwa Musulmi ne har gobe, kuma ba su taɓa hana mu tuwon gida ba. Yana saurayi ciwon sanƙarau ya kayar da shi a tsakiyar bazara, har aka fid da rai. A lokacin akwai wani tsoho, Malam Barau, mai bishara ne da ke yawon ƙauyuka a kan jaki, shi ke koya wa Yaya karatun Littafi Mai Tsarki. Ba fasto ba ne, ba wanda ya naɗa shi. Yaya ya roƙe shi ya yi masa baftisma kafin ya cika. Tafki ya ƙafe har ƙasa ta tsattsage, fasto mafi kusa yana Birnin Konni. Sai tsohon ya sa aka jawo guga ɗaya a rijiya, ya ɗiba da ƙoƙo, ya zuba masa a ka sau uku. Allah da ikonsa, Yaya ya tashi.

Tawa baftismar daga baya ta zo, kuma ta gata ce. Da damina aka yi, a tafki cike, fasto naɗaɗɗe ya nutsar da ni gaba ɗaya, aka ba ni kati mai hatimi. Na yi lakwal, na sami aiki a wani ofis na masu sufuri a Konni, na iya rubuta wasiƙa da Faransanci, don haka ba a jima ba aka sa ni cikin dattawan majami'armu. Ɗakin majami'ar kuwa, rabin ƙasar da aka gina shi da ita amalanken jakin Yaya ne ya ɗebo ta.

Masu karatu da ba Kirista ba, ku ɗan yi mini haƙuri in yi bayani. Ranar Lahadin farko ta kowane wata muna cin Jibin Ubangiji. Gutsuren gurasa ne da kurɓin abin sha, ba abin da zai ƙosar da ko ɗan tsako, amma a wurinmu shi ne shaidar cewa kai ɗan gida ne. Fasto ya yi addu'a, dattawa su ɗauki faranti su bi benci-benci, kowa ya miƙa hannu ya ɗauka. Wanda ikilisiya ta dakatar kuwa, ba a ce masa komai. Dattijo ya ɗaga farantin kawai ya wuce shi, a gaban kowa. Ƙauyenmu ba fasto, saboda haka duk ƙarshen wata Yaya yakan ɗaura jakinsa ranar Asabar da hantsi, ya iso gidana da la'asar, ya kwana, mu tafi majami'a tare. Shekara talatin da huɗu yana haka.

Sai aka turo mana Fasto Markus, saurayi, ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki a ƙetaren iyaka. Kada wani ya ɗauka mugu ne. Mutum ne mai tsoron Allah, mai ƙwazo, ya tarar da mu a hargitse ya ce zai gyara. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, wa ya yi maka baftisma, a ina, ta yaya? Da aka zo kan Yaya, ya ba shi labarin ƙoƙo da guga yana dariya, don shi a wurinsa abin alfahari ne. Fasto bai yi dariya ba. Ya ce zuba ruwa a ka ba baftisma ba ce, sai an nutsar da mutum, kuma mai bishara ba shi da ikon yin ta tun farko. Ya ce abin mai sauƙi ne, a jira damina a kai Baba Iliya tafki a yi ta yadda ya kamata, amma kafin nan sai ya dakata da Jibi.

Yaya ya ce, "Fasto, in na shiga tabkin nan, na ce Malam Barau ƙarya ya yi ke nan, kuma shekara talatin da huɗu gurasar sata nika ci. Ba ni shiga."

Aka kawo maganar gaban dattawa, mu biyar. Kai, ranar an buɗe Littafi! Wannan ya kawo ayar da ta nuna an shiga cikin ruwa an fito, wancan ya kawo wadda ta nuna bangaskiya ce ke ceto. Wani ya ce in kowane mai bishara zai yi baftisma da ƙoƙo, to mene ne amfanin naɗa fasto? Wani ya ce masa, da can da babu fasto a ƙasar nan, su wa suka kawo maka bisharar? Muka yini har azahar ta wuce. Da aka zo ɗaga hannu, biyu nan, biyu can, ya rage ni. Kowa ya zuba mini ido, kowa ya san wana ne. Na ɗaga hannu tare da Fasto.

Na daɗe ina gaya wa mutane gaskiyar Littafi na bi, ban duba jini ba. Akwai wannan a ciki, don har yau ina ganin nutsarwa ta fi kusa da abin da aka rubuta. Amma ba shi ke nan ba. Na so a nuna ni a ce Haruna ba ya son kai. Na so sabon fasto mai ilimi ya ɗauke ni sa'ansa, ba ƙanen baƙauye ba. Kuma na yi lissafin banza, na ce taurin kan Yaya ba zai wuce damina ɗaya ba, zai shiga ruwa a wuce wurin. Ni da na tashi a hannunsa, ashe ban san shi ba.

Benci na uku, ta ɓangaren taga, nan ne wurinsa, kuma layin nan nawa ne. Lahadin farko bayan hukuncin na zaci ba zai zo ba. Ya zo. Na miƙa wa na damansa, na ɗaga farantin, na miƙa wa na hagunsa. Shi kuwa yana kallon gaba, yana rera waƙar da ake yi da muryarsa mai kauri da ba ta taɓa bin kari ba. Wata mai zuwa ma ya zo. Damina ta zo ta wuce, tafki ya cika ya ƙafe, sau uku. Ranar Asabar mu ci tuwo a akushi ɗaya a zaurena, ya kawo wa matata Rifkatu wake da kuka, ya tsokani jikokina, gari ya waye in ɗaga faranti in wuce shi.

Sau ɗaya na taɓa tayar masa da maganar, muna wanke hannu bayan cin abinci. Na ce, "Haba Yaya, ka shiga mana a huta. Ruwa ne fa kawai."

Ya yarfe hannunsa, ya dube ni, ya ce, "In ruwa na kawai, Haruna, mi ya sa ka hana min gurasa?"

Bai jira amsata ba, ya tashi ya je ba jakinsa harawa.

Cikin shekarun nan majami'ar ta dare biyu. Gida bakwai suka fita saboda maganarsa, suka koma yin sujada a tsakar gidan wani tela. Sun same shi har ƙauye, suka ce ya zo, a wurinsu shi ne zai fara ɗaukar gurasa. Ya ƙi. Ya ce ba ya raba ɗakin da ya ɗebo wa ƙasa, kuma ya yi musu faɗa a kan fitar da suka yi. Suka koma suna jin haushinsa, mu muna jin haushinsa, shi ko a jikinsa.

A kaka ta uku, an gama ɗaurin gero, aka aiko mini cewa Yaya yana kwance, ƙirji ya riƙe, kuma ya ce a gaya mini yana son Jibi. Fasto yana Malbaza wurin taron shugabanni. Na kira shi a waya. Ya ce hukuncin na dattawa ne, shi kaɗai ba zai warware ba, in je in yi masa addu'a, in ya dawo ranar Litinin a zauna. Gurasa tana nan a bakin tasha, ko'ina ana sayarwa. Na tsaya a gaban mai tebur ina kallonta, na ce a raina dattijo ba shi da ikon ba da Jibi in ba fasto. Na hau kabu-kabu hannu wofi. Da na shiga ɗakin bai dubi fuskata ba, hannuwana ya duba. Sannan ya ce, "Sannu da hanya, ka sha rana," ya sa matarsa Saratu ta kawo mini fura. Ranar Lahadi da safe ya cika.

'Yan'uwanmu Musulmi ne suka haƙa kabarin, don mu Kirista da muka zo ba mu da yawa, kuma mun tsaya gungu biyu ba mai gaisawa da wani. Ƙanwarmu Hajiya Balki ta ja ni gefe, ta ce, "Yaya Haruna, ku nawa na duka-duka cikin ƙasag ga, da har kuka da wanda za ku hana ma abinci?" Na so in yi mata bayanin nutsarwa da zubawa. Na dubi fuskarta na fasa.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, shugabannin ikilisiyarmu suka zauna suka ce wanda aka zuba wa ruwa a kan gadon ciwo, inda ba tafki ba fasto, a karɓe shi. Ka san wa aka ba takardar ya karanta wa jama'a? Ni, mai iya karatu. Fasto Markus, da yanzu furfura ta fara fito masa, ya zo gidana daga baya ya zauna a zaure ya yi kuka, ya ce da ya sani ranar da na kira shi da ya hau mota. Ban ga laifinsa fiye da nawa ba. Shi baƙo ne, bai taɓa cin tuwon Yaya ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Gida bakwai ɗin nan ba su dawo ba, su ma sun sake rabuwa a kan ko mace za ta iya wa'azi. Samarinmu kowa da fastonsa a cikin waya, wannan na Legas, wancan na wata ƙasar da ban san sunanta ba, bayan sujada su tsaya a inuwa suna jifan juna da ayoyi, kowa ya rantse ɗan'uwansa ya ɓata. Ban ce a daina bincike ba, koyarwa ba abin wasa ba ce, kuma ikilisiyar da ba tsari kasuwa ce. Amma in na ji yaro yana cewa wane ba ya cikinmu, gabana yakan faɗi, don na san daɗin da ke cikin faɗin haka, na sha shi. Ina jin Yaya ba zai shiga gardamarsu ba. Zai tambaye su ne ko an duba tsohuwar da ba ta zo sujada ba yau.

Bai bar dukiya ba. Gonar tana hannun 'ya'yansa, jakin ya daɗe da mutuwa, ɗakin majami'ar na ƙasa ma an rushe shi an yi na siminti. Abin da ya rage nasa shi ne, a cikin duk waɗanda suka yi wannan rigima, shi kaɗai ne bai musanta abin da ya gaskata ba, kuma bai juya wa kowa baya ba. Mu sauran kowa ɗaya ya iya riƙewa.

Makon jiya na je ƙauye gaida Saratu, ta tsufa ƙwarai, tana zaune tana ɓarar wake. Na yi ƙarfin hali na yi mata tambayar da na shekara goma sha ɗaya ina tsoro. Na ce, me ya sa yake ta zuwa, ya san za a wuce shi? Na zaci za ta ce taurin kai, ko don ya kunyata mu.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ni ma na tambaye shi, na ce wahalar mi kaka sha. Ya ce min, wata rana hannun Haruna zai tsaya, ba ni so shi iske wurin babu kowa."

Ashe ba fasto yake jira ba, ba taron shugabanni ba. Duk wata yakan ɗaura jaki ya sha rana ya zo ya zauna a gabana, ni kuwa ban tsaya ba ko sau ɗaya.