Kujerar Baya a Motar Baffa

A ƙarshen shekarun casa'in ni matashin bakanike ne a unguwar Moursal, mai garaji ƙarƙashin bishiyar darbejiya da girman kai da ya fi garajin. Aikin da aka san ni da shi shi ne ɗaga manyan motocin nan na shiga daji da muke kira kat-kat. Sai in ƙara musu ƙarafan sifirin, waɗanda a nan muke ce wa lam, cikinsu ya yi nisa da ƙasa don kada laka ko yashi ya riƙe su. Mutane na yabo, ni kuwa ina kumbura. Na rubuto muku ne saboda wani abu da ya daɗe yana zaune mini a ƙirji, ko wani zai tsira da shi.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya rene ni. Kakanninmu alhazan ƙafa ne da suka taso daga ƙasar Hausa da nufin Makka. Da suka iso nan bakin kogin Chari sai ciwo ya kwantar da kakan Baffa, aka ce a huta shekara guda, hutun da har yau ba mu gama ba. Tsohon ya rasu yana cewa shi matafiyi ne, kada a gina masa ɗakin kirki. Wannan magana ta tsaya wa Baffa a rai. Da ya tsufa ya ce shi ba zai hau jirgi ba, ta ƙasa zai bi, ta Abeche ya shiga Sudan, ya ƙarasa tafiyar da aka bari. Ya sayi tsohuwar kat-kat, ya ce ɗansa zai tuƙa, ni kuma in ɗaga masa ita, don hanyar gabas ba ta wasa ba ce.

Na aika aka kawo kayan ta Kousseri, garin da ke ƙetaren kogi. Da na kwance sai na tarar lam ɗin baya na gefen hagu a tsage yake. A jira wani kuwa, damina za ta rufe hanya, ga Baffa ya riga ya yi sallama da rabin gari. Abin da ya kamata shi ne in je in faɗa masa. Amma ni da ake cewa babu motar da ta gagare ni, ina zan kai wannan kunya? Sai na tafi wajen masu tsofaffin ƙarafa a bayan gari. Can na ga wata motar yaƙi da aka jawo daga arewa, ƙurmus, babu fenti babu kujera, amma lam ɗinta daidai da nawa. Mai wurin ya ce mini tun da aka ajiye ta babu wanda ya ciri ko ƙusa a jikinta, domin da mutanenta a ciki ta ƙone. Na yi dariya na ce ƙarfe ba shi da dangi. Kowane bakanike ya san ƙarfen da ya sha wuta ya mutu, ko da ido ya gan shi lafiya. Na sani, na ciro, na shafe shi da baƙin fenti na ɗaura.

Ranar da na sauke ta daga jak, motar ta tsaya cak, doguwa, gwanin sha'awa. Washegari da safe na tarar ta karkata ta baya, gefen hagu, kamar wani mai jiki ya shiga ya zauna. Na buɗe, babu kowa. Na sake ɗagawa, na ɗaure, na gwada, ta daidaita. Da rana tsaka ina cin abinci sai na ji ƙarfe ya yi ɗan kuka a hankali, irin wanda mota ke yi idan an hau ta. Na waiwaya ina kallo ta sauka. Babu iska, babu ko akuya kusa da ita. Na ce wa kaina ai lam ɗin ne ke saki, kuma haka ne. Amma ƙarfe mai saki ba ya sa katifar kujera ta lotsa, ni kuwa na ga kujerar nan a lotse. Da na ɗora hannu na ji ta da ɗumi, alhali motar a inuwa ta wuni.

Da Baffa ya zo dubawa na riga na shirya ƙaryata, amma bai ba ni damar yin ta ba. Ya daɗe yana kallon gefen nan, sannan ya yi murmushi, ya yi sallama ta taga kamar mai gaida babba. Ya ce mini kada in damu, wiledi, wato ɗana, haka yake kira na da Larabcin gari, wai kakansa ne ya riga su kama wuri, ai shi ya fi kowa daɗewa yana jiran mota. Al'adar masu tafiya hajji ta ƙasa ce kowa ya ɗauki likkafaninsa. Baffa ya ciro nasa a naɗe ya ajiye a kan kujerar, ya ce babu mai zama nan har Makka. Wallahi a lokacin sanyi na ji a raina, don tsoho ya rufa mini asiri da bakinsa. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da tafiyar, na haɗiye ta, har na taya shi cewa Allah Ya ji ƙan kaka.

Sun wuce Abeche lafiya. Gaba kaɗan, suna gangarawa wani busasshen rafi, lam ɗin ya karye. Mota mai tsawo ba ta da haƙuri, nan take ta kife ta hagu. Ɗan'uwana, ɗan Baffa da ke tuƙi, ya fita da karayar hannu, Baffa kuwa nan take ya cika. Daga baya ɗan'uwan nawa ya ce mini tun safiyar ranar Baffa ya bar gaba ya koma baya, wai zai taya kakansa hira, kuma yana jin sa yana magana ƙasa-ƙasa, yana yin shiru kamar mai sauraron amsa. Mutanen ƙauyen wurin suka yi wa Baffa sutura da likkafanin da ya ɗauko, suka binne shi a gefen hanya.

Aka dawo da motar a bayan babbar mota, aka sauke a garajina, don wa za a kai wa in ba ni ba? Na faɗa wa ɗan'uwana gaskiya. Bai zage ni ba, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Na cire ƙarfen nan na jefa a Chari. Na sa sababbi fil a gefe biyu, na gwada da kyau, ta tsaya daidai. Da safe na zo na tarar ba ta karkata ba. Bayanta ne gaba ɗaya ya sauka, hagu da dama daidai wa daida, kujeru biyu a lotse.

Ban sake taɓa ta ba, babu kuma wanda ya yarda ya saye ta. Tana nan bayan garajin, hancinta na kallon gabas, ko da yake ban tuna na ajiye ta haka ba. Ban san me ke zaune a ciki ba, ba na kuma son sani. Abin da na sani shi ne ni na kashe wa Baffa tafiya, da fenti da shiru. 'Yan'uwana masu sana'a, kada ku ɗora ran mutum a kan ƙarfen da ku da kanku ba ku yarda da shi ba. In kuma mai kaya ya kawo muku uzurin da zai rufe laifinku, kada ku karɓa, ku buɗe baki tun yana tsaye a gabanku. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, yau ga ni da furfura, kullum da safe sai na yi wa mota sallama kafin in buɗe garaji.