Dattijon da Bai Taɓa Kiran Sunan 'Yarsa Ba

Wata rana na shiga motar haya daga Malumfashi zuwa Kano.

Ƙaramar mota ce, irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, direba kuma yana rantsuwa wai akwai sauran wuri.

Ni na fara zuwa, sai na kama gefen taga a baya.

Ban daɗe da zama ba wani mutum ya zo riƙe da hannun wani dattijo, ya zaunar da shi kusa da ni. Dattijon dogo ne, siriri. Rigarsa ta sha wanki har ta gaji, amma hular kansa sabuwa ce fil, mai aikin hannu.

Wanda ya rako shi ya zagayo ta tagata, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce yayansa ne. 'Yarsa ta fari ce ta rasu a Kano wajen haihuwa. Jaririyar ta rayu, mace ce, an mayar mata da sunan uwar. Dattijon ya je zaman makoki ya dawo, ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani, gari duk ana yaba haƙurinsa.

Amma tun da ya dawo ya daina zuwa gona. Abinci sai an matsa masa. Suna ma ya ƙi zuwa. Kwanan nan kuma ya ce wa matarsa shi bai ga abin da ya rage masa a duniya ba.

Shi ne dangi suka yanke shawarar a tura shi ya ga jikar, ko Allah zai sa. Ɗansa yana jiran sa a tasha.

"Don Allah ka sa mini ido a kansa," in ji ƙanen. "Kada ka bari ya sauka a hanya."

Na ce to. Me mutum zai ce?

Ga wanda bai tashi a irin gidajenmu ba, bari in yi bayani. A wajen mutanen da, ɗan fari ba a kiran sunansa. Ba a ɗaukarsa a gaban jama'a, ba a yabonsa. In ya yi abin kirki sai ka kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Kunya ce. Za ka ji uba yana cewa "yaron nan" har yaron nan ya yi furfura.

To, sauran fasinjoji suka zo.

Na farko wani ustazu ne matashi, da hirami a kafaɗa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

Na biyu wani mai tabarau ne, ya rungume jaka a ƙirji. Daga baya muka ji malami ne a wata kwaleji. Ba mu tambaya ba, shi ya faɗa.

Ta ƙarshe wata hajiya ce, ba za ta wuce shekara arba'in ba. Ta leƙa baya ta gan mu maza huɗu a jere, ta kama kujerar gaba duka ita kaɗai, ta ce a tafi.

Daga nan gardama ta samo asali.

Ko fita gari ba mu yi ba ustazu ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba da kowa yake ba, amma zamani ya zo da abin mamaki, mace a gaba, dattijo a matse a baya.

Hajiya ba ta ko waiwayo ba. Ta ce ita ma ba da kowa take ba, amma da ta zauna a baya a tsakanin maza, wani ne zai fara cewa zamani ya lalace.

Mai tabarau ya yi dariya, ya ce duk abin nan al'ada ce aka sa wa rigar addini.

Shi ke nan, an taɓo kowa.

Ni dai ba na sa baki a gardamar mota. Ba ta da alƙali, ba ta da ƙarshe, kowa yana sauka da abin da ya hau da shi. Na jingina kai da taga ina sauraro.

Daga kujera aka koma kan wa ya fi wani haƙuri. Ustazu ya ce namiji an halicce shi da dauriya, shi ya sa ba ka ganin sa yana kuka a gidan mutuwa. Hajiya ta ce ba dauriya ba ce, rashin ji ne. Mai tabarau ya ce dukansu sun yi kuskure, kuma zai yi bayani in sun bar shi. Ba su bar shi ba.

Dattijo kuwa yana zaune kusa da ni. Hannayensa na kan gwiwa, idonsa na kan ƙeyar direba.

Sai da muka wuce Dayi ya yi magana. Muryarsa a dushe, irin ta wanda ya kwana biyu bai yi amfani da ita ba.

"Malamai, in tambaye ku. Idan mutum ya duba gaba, ya duba baya, bai ga abin da yake jira ba, zaman me yake yi?"

Ni dai na san inda tambayar ta fito.

Su kuwa kamar an watsa wa kaji tsaba.

Ustazu ya gyara zama. Ya ce duniya gidan jarrabawa ce, an halicce mu ne don bauta, kuma yanke ƙauna ba halin mumini ba ne. Ya yi bayani tiryan-tiryan. Ban ji inda ya yi kuskure ba.

Mai tabarau ya ce wannan ita ce tambaya mafi gaskiya da aka yi tun da muka taso. Ya ce ba wanda aka yi shawara da shi kafin a haife shi. In aka auna daɗin duniya da wahalarta, wahalar ta rinjaya, don haka wanda ba a haifa ba shi ya huta. Ustazu ya yi a'uziyya. Mai tabarau ya ce a'uziyya ba hujja ba ce.

Hajiya kuma, har yanzu fuskarta na kallon titi, ta ce wannan tambayar 'yan hutu ce. Ta ce maza ne ke da lokacin zama a inuwa suna tambayar amfanin rayuwa, mata kuwa suna can suna mutuwa wajen kawo ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Namiji in 'yarsa ta mutu, ya shimfiɗa tabarma ya karɓi gaisuwa, ya kaɗe riga ya tafi kasuwa. Uwa ce ke mutuwa tare da ita.



Kowannensu ya ba da amsa. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa ya yi tambayar.

"Direba, sauke ni nan," in ji dattijon.

Direba ya rage gudu ya gangara gefen titi, yana dube-dube. Babu gida, babu rumfa, babu ko mai tallar gyaɗa. Gonakin dawa ne hagu da dama, iya ganinka.

Ni ne tsakaninsa da ƙofa. Na ɗora hannu a kan mabuɗin, ban buɗe ba.

Na ce, "Baba, ai ba mu iso ba."

Ya ce, "Ni na iso."

Ban san dabarar da zan yi ba. Ba ni da ilimin ustazu, ba ni da bakin hajiya. Sai kawai na faɗi abin da aka ba ni amana, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Na ce 'yarsa ce ta rasu. Wajen haihuwa.



A karon farko tun da muka baro tasha, hajiya ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ita duk tafiyar nan ba ta ga fuskar ba, muryarsa kawai take ji daga baya.

Ta daɗe tana kallon sa.

"Baba, yaya sunanta?"

"Yarinyar wajena ce."

"Na ji. Sunanta nake tambaya."

Na yi saurin sa baki, na ce mata ta fari ce fa. Ina nufin ta bar maganar.

Ta ce, "Na gane. Shi ya sa na tambaya. Baba, duba mu. Babu surukinka a nan, babu ɗan garinku. In mun isa Kano kowa zai kama gabansa. Kunyar wa za ka ji?"

Dattijon ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Saratu."

A hankali ya faɗe shi, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya.

"Ni na yi mata huɗuba da shi a kunne ranar da aka haife ta. Daga ranar ban ƙara faɗa ba. Ta yi wayo, ta yi aure, ta koma ga Allah, ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba."

Sai kukan ya zo.

Ba irin kukan da ake yi a ɓoye ba ne. Kuka ne na babban mutum, mai nauyi, wanda ba daɗin ji. Direba ya kashe mota ba tare da an ce masa ba.

Ustazun da ya ce namiji ba ya kuka, shi ya zare hiraminsa ya miƙa masa. Ya ce, "Yi abinka, Baba. Hawaye ba laifi ba ne." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma na san ya san kalmomi da yawa.

Mai tabarau ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga, gilashin da ba abin da ya same shi.

Hajiya ta ce wa dattijon ya yafe mata maganar da ta yi. Ya girgiza kai, ya ce ai ba ƙarya ta yi ba, haka ya yi: ya karɓi gaisuwa, ya kaɗe riga. Abin da aka koya masa ke nan.

Da ya lafa, na janye hannuna daga ƙofa. Bai ce a buɗe ba.

Direba ya tayar da mota.

Daga nan har Kano, mutum ɗaya ne ya yi magana.

Ya ce Saratu tun tana ƙarama ita ke kai masa fura gona. Takan ajiye a gindin kuka ta tsaya, shi kuma ya ci gaba da noma kamar bai gan ta ba, sai ta juya sannan ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Ya ce Saratu ba ta cin kuɓewa, amma tana dafa masa.

Ya ce hular nan ta kansa Saratu ce ta ɗinka da hannunta, da cikin nan a jikinta, ta kawo masa da Sallah. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Ajiye can." Bai taɓa sa ta ba sai yau.

Saratu kaza, Saratu kaza. Kamar yana biyan duk wanda bai faɗa ba.

Ba zan ce muku wani ya sauya ra'ayi a motar nan ba. Ina kyautata zaton ustazu yana nan a kan bakansa, mai tabarau ma haka, hajiya kuwa ko shakka babu gobe gaba za ta sake zama. Abin da na sani shi ne ba wanda ya ƙara tayar da zancen amfanin rayuwa.

Da muka shiga tasha, wani saurayi ya taho da sauri, kamarsu ɗaya da dattijon. Ɗan nasa ne.

Kafin mu rabu hajiya ta leƙo, ta ce wa dattijon ya shirya fa, jaririyar da aka mayar wa sunan uwa ba a kiran ta da shi. Zai tarar an riga an sa mata Ummi ko wani abu makamancin haka.

Dattijon ya gyara zaman hularsa.

"Su kira ta abin da suka ga dama. Jika ba a jin kunyarta. Ni da sunanta zan kira ta, har maƙwabta su gaji."

Ya juya wajen ɗansa.

"Mu je ka kai ni wajen Saratu."

Saurayin ya tsaya cak da jaka a hannu, yana kallon bakin ubansa. Bai taɓa jin sunan yayarsa ya fito daga nan ba.

Dattijon ne ya yi gaba, shi ya bi shi a baya.

Darasi:

Ba kowace tambaya ce ke neman amsa ba. In wani ya tambaye ka amfanin zaman duniya, kada ka yi saurin jawo hujja. Dubi fuskarsa tukuna, ka tambaye shi wa ya rasa, ko me ya rasa. Mai yiwuwa ba gardama yake so ba, dalilin kaiwa gobe yake nema.

Maza da mata kuma, a rage gasar wa ya fi jin ciwo. Wani da hawaye yake kuka, wani da shiru.

Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma wanda kake ƙauna, ka bari ya ji a bakinka tun kunnensa na ji.

In akwai wanda ya faɗo maka a rai kana karanta wannan, kira shi yau, da sunansa. Sannan ka tura wa wani, ba ka san wanda ke zaune shiru a kujerar baya ba.