Ƙeyar Itacen Kuwabara

Shekara talatin da takwas Kuwabara Shigeru ya yi yana tuƙa bas a Takamatsu, bai taɓa gogar ko bangon wani ba. Mutum ne mai bin layi. Inda aka ce a tsaya nan yake tsayawa, ko babu fasinja ko ɗaya sai ya buɗe ƙofa, ya rufe, sannan ya wuce. To, da wannan halin ya shiga renon bonsai, wato ɗan ƙaramin itacen ado da ake reno a kasko, kuma halin ne ya ba shi wahala.

Itacen matsu ne, mai ganye kamar allura. Ya saye shi a Kinashi shekarar da ya auri Tomie, lokacin kaurinsa bai wuce fensir ba. Mai sayarwa ya soka ɗan tsinke a ƙasar kaskon ya ce, "Nan ce fuskarsa, ta nan ake kallo." Shi ke nan fa, Shigeru ya riƙe maganar kamar dokar hanya. Tsinke ya ruɓe, ya soka wani a ramin. Ta nan yake ba shi ruwa kafin ya fita aiki, ta nan ya naɗa wa rassa waya ya lanƙwasa su, ta nan yake tsince tsohon ganye da hantsaki. In ya juya kaskon don rana ta samu ko'ina, sai ya ɗauki kujerarsa ya bi tsinken.

Da ya yi ritaya sai abin ya zama kamar ciwo. An gayyace su hutun kwana biyu a wurin wankan maɓuɓɓugar ruwan zafi, ya ce wa zai ba itace ruwa. 'Yarsu Emi ta haihu a Osaka, ya je da safe ya dawo da yamma. Yana jin daɗin abinsa kuwa, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa yana datsa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Duk kaka ƙungiyar unguwa tana zaɓar itace ashirin a baje su a zaure, kuma sau tara yana kai nasa ana dawo masa da shi. Mai zaɓen Malama Hirao ce, tsohuwa 'yar shekara tamanin da huɗu wadda ba ta iya ɓoye magana ba.

"Kuwabara, wannan itace ne ko jadawalin bas? Dama, hagu, dama, hagu. Tsaf yake, amma barci yake sa ni."

Sai ya sunkuya ya yi godiya, ya koma gida ya ƙi cin taliya.

A kaka ta goma hannunsa na dama ya fara rawa. Almakashi ya soma kufce masa, ya san daga bana ba zai ƙara iya gyara itacen yadda ake so ba. In ba a karɓa yanzu ba, an gama. Ko kaskon ya kasa ɗauka shi kaɗai, dole ya ce, "Maman Emi, ɗan kama mini."

Suka shiga zauren suna fuskantar juna, kasko a tsakani, ita tana tafiya da baya. Da suka iso tebur Tomie ta dire shi yadda ya zo mata, tsinke yana kallon bango. Shigeru ya yi sauri ya matso. Ya miƙa hannu zai juya.

"Kada ka taɓa," in ji Malama Hirao.

Ta gyara tabarau, ta duƙa da ƙyar har idonta ya yi daidai da gindin itacen. Ta wannan gefen jijiyoyi sun kama ƙasa kamar yatsu, ɓawon ya tsattsage, gangar ta karkace ta ɗan rusuna, ga wani tsohon tabo inda guguwa ta taɓa karya reshe. Gefen da Shigeru ya ƙyale ke nan, yana aske shi sama-sama don dai kada ya yi gashi.

"Ashe kana da wannan kake kawo mini wancan? Shekara tara kana nuna mini ƙeya, malam direba." Ta zare tsinken ta miƙa masa. "A ajiye shi a gurbi na bakwai, kusa da taga."

Shigeru ya zagayo ya tsaya inda take. Ya daɗe yana kallo, tsinke a hannunsa. Daɗi ya cika shi, kunya ma ta cika shi, ya rasa wanda zai fara ji.

"Kin san haka yake ta nan?" ya tambayi matarsa.

"Yo ta ina kuma na san shi? In na kawo maka shayi ka riga ka tare gaba da kujerarka, nan nake tsayawa har ka shanye."

"Shekara arba'in da uku, ba ki ce komai ba."

"Na ɗauka kai ne ka bar mini mai kyan, Baban Emi."

Malama Hirao ta tuntsire da dariya har da tari. Shigeru ya cire hula ya sunkuya wa matarsa a gaban mutane, sunkuyon da bai taɓa yi wa ko shugaban kamfanin bas ba. Da aka miƙo masa katin da za a ajiye gaban itacen, ya ce hannunsa na rawa, ya tura mata alƙalami.

"Rubuta sunanki a sama," ya ce. "Nawa ya biyo baya."