Lorraine Vandermolen da Kujeru Tara

Asali

An haifi Lorraine Vandermolen a garin Harlow Creek na tsakiyar Amurka cikin shekarar 1937, shekarar da aka yi yunƙurin ƙara alƙalai shida a Kotun Ƙoli, yunƙurin ya ci tura. Mahaifinta Dirk manomin masara ne, mahaifiyarta Alma kuwa malamar makaranta.

Karatu da Aiki

Ta kammala karatun lauya a 1962, ta auri Glenn, likitan dabbobi, ta shafe shekara talatin da ɗaya tana koyar da tsarin mulki. A nan abu guda ya tsaya mata a rai: adadin alƙalai tara na Kotun Ƙoli ba ya cikin tsarin mulki, doka ce kawai wadda duk mai rinjaye zai iya sauyawa. Da ta yi ritaya, sai ta rubuta gyaran tsarin mulki mai jimla ɗaya da zai tsayar da adadin a kan tara, ta shiga yawon majalisun jihohi da tsohuwar motarta, tana neman su matsa wa majalisar tarayya. Waɗanda ke tsoron faɗuwa zaɓe su karɓe ta hannu bibbiyu, masu hangen nasara su bar ta a benci tana jira.

Ƙuri'ar 2021

A wannan shekara ƙudirin goyon bayan gyaran ya kai gaban majalisar jiharta, inda ɗan autanta Wendell yake wakili, ƙuri'a ɗaya ta rage ya samu wucewa. Ranar Lahadi suna cin gasasshiyar kaza bayan an taso daga coci ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, yanzu jam'iyyarmu ce ke sama. Ya za a yi mu ɗaure hannunmu da kanmu?"

Ta ce, "Auta, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ci kazarka."

Ranar Talata tana zaune a benen 'yan kallo na majalisar ya kaɗa ƙuri'ar ƙi, ƙudirin ya faɗi. Abin ya ci mata rai matuƙa, ba ta sake taka majalisar ba.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2024, tana da shekara tamanin da shida, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar cocin Harlow Creek. Ta bar 'ya'ya uku: Marjorie, ma'aikaciyar jinya, Curtis, manomi, da Wendell, wanda bayan jam'iyyarsa ta sha kaye ya sake gabatar da ƙudirin, ya sa masa sunan mahaifiyarsa, yana hawaye.