Ranar da Aka Kawo wa 'Yata Wanzami

Da jan tabo a kunci aka haifi 'yata ta biyu. Kafin ta fara rarrafe ya zama kumburi mai shuɗi-shuɗi, tun daga gefen leɓe har ƙasan ido. In ta yi kuka sai ya cika ya yi tam. Likita a nan Kontagora ya ce jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe tun tana ciki. Ya ja mana kunne kada kowa ya sa wa wurin ƙarfe, a bari ta yi ƙwari a kai ta Zariya.

Yayan mijina bai yarda ba. Dillalin hatsi ne a kasuwar Salka, ya saba in ya yi magana kowa ya yi shiru.

"Mataccen jini ne," in ji shi. "Ƙaho zai zuƙe shi. Ke dai yawon asibiti kike so."

Na ce, "Yaya, likita fa ya hana."

"Likitan ne ya haife ta?"

Wata rana na tafi ta'aziyya Ibeto, na bar yarinyar wurin kakarta, uwar mijina. Da na dawo da la'asar, zanen goyona na fara gani a tsakar gida, jiƙe sharkaf da jini. Ashe ina fita yayan mijina ya kawo wanzami. An yi tsaga, jini ya ƙi tsayawa, sai da aka kira mijina daga shago ya kai ta asibiti a babur.

Na same ta a asibitin ana ƙara mata jini, leɓenta fari fat. Yayan yana zaune a baranda yana ɓare gyaɗa. Da ya gan ni ya ce, "Ai Allah ya taƙaita."

Ban san lokacin da na ce masa, "Da ta mutu, kai ka kashe ta" ba. Surukata da ke gefe ta shiga salati. Ban janye ba.

A Zariya sai da suka yi ta yi mata allura a cikin kumburin, wata bayan wata, har ya motse, sannan aka shiga da ita tiyata. Likitar da ta yi aikin ta ce tsagar ta sa naman wurin ya yi tauri, dole ta yanke fiye da yadda ta so. Yanzu yarinyar tana firamare. Kuncin ya kwanta, amma in ta yi dariya bakinta yana ɗan karkacewa.

Har yau in baƙi sun zo sai in ji yayan mijina daga zaure yana cewa, "Mu muka tsaya a kan maganinta." Ina gaishe shi don dole, ba na ƙara ko kalma. Mijina ya sha cewa in yafe, zumunci ne. Na ce ranar da ya buɗe baki ya roƙa zan duba. Bai roƙa ba.